Awon Rumbu Da Awon Bango: Yadda Na Koma Ɗalibi Da Furfura A Kaina

Laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na Tsofaffin Ɗalibai, a Rijiyar Zaki





Ranar da sakatare ya kawo mini takardar gayyata, cewa ya yi in yi magana a kan duk abin da na ga dama, muddin dai ba siyasa ba ce, kuma kada in wuce rabin sa'a. Na ce masa zan yi magana a kan wani fanni na Fiziks da nake koyo. Ya ce, "Da kake koyarwa dai." Na ce a'a, da nake koyo. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina riƙe da alli, amma a abin da zan faɗa muku yau ɗan fom wan ne ni. Saboda haka in na yi tuntuɓe, ga malamanmu nan, sai su yi mini gyara kamar yadda suka saba. Roƙona kawai shi ne a bar dorina a gida.

Bari in fara da abin da ya jefa ni cikin wannan aiki, ko da yake ba labarin yabo ba ne. A watan Afrilu na 2019 masana suka fitar da hoton farko na abin da ake kira baƙin rami, watau wani wuri a sararin samaniya inda nauyi ya taru ya cushe har ƙarfin jansa ya hana komai fita, ko da haske ne. Hoton ya yi ta yawo a wayoyin mutane: da'irar wuta da duhu a tsakiya. Ba a jima ba wata ɗalibata, yarinya mai shiru-shiru da ke zama a layin baya, ta ɗaga hannu a tsakiyar darasi. Ta ce, "Malam, in aka jefa littafi a cikin ramin nan, ina rubutun da ke ciki zai tafi?" Ni kuwa ban san amsa ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce mata wannan ba ya cikin manhaja, ta mai da hankali ga abin da zai fito a jarrabawa. Aji ya kwashe da dariya. Yarinyar nan ba ta sake ɗaga hannu ba har ta gama makaranta.

Daga baya na gane cewa tambayar da na kashe da baki ɗaya, ita ce manyan masanan duniya suka shafe shekaru kusan talatin suna jayayya a kanta. Wannan abu ya tsaya mini a rai, shi ya sa na koma karatu.

To, kafin mu hau sama, bari mu fara daga gida. Yawancinmu a nan mun tashi lokacin da Rijiyar Zaki gonaki ce, gero da dawa ta ko'ina, jakai na kai itace birni suna komowa da taki, tun kafin gine-gine su biyo hanyar Gwarzo su cinye filayen. Kowa a cikinmu ya san rumbu. In ana so a san abin da rumbu zai ci, cikinsa ake dubawa, ba yaɓen bangonsa ba. In manomi ya gina sabon rumbu wanda ya ninka tsohon a faɗi da tsayi, yaɓen da zai yi wa bango zai ninka sau 4, amma hatsin da zai zuba zai ninka sau 8. Wannan lissafin aji biyu ne, kuma kan haka hankalin kowane mai hankali ya ginu: ciki shi ke ɗaukar kaya.

Yanzu mu canza kayan da ake zubawa. Maimakon hatsi, mu ce bayani ne. A Fiziks akwai wani awo da ake kira entirofi, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a ce shi ne yawan bayanin da abu ya ɓoye. In an ba ka mudun gero, ka san nauyinsa, ka san kuɗinsa, amma ba ka san inda kowace ƙwaya ta kwanta ba. Wannan da ba ka sani ba shi ake aunawa. Akwai kuma doka a kansa, wadda muka haddace a aji biyar ba tare da mun san daɗinta ba: jimillar entirofi ba ta raguwa. In ka gauraya gero da dawa, komai girgizawa ba za su ware da kansu ba.

A 1972 wani ɗalibi a jami'ar Princeton ta Amurka, Jacob Bekenstein, ya ce in haka ne dole baƙin rami ya zama yana da nasa entirofi, in ba haka ba sai mutum ya jefa shayi mai zafi a ciki, dokar ta karye. Abin mamaki shi ne, da ya nemi ma'aunin, sai ya same shi a faɗin bakin ramin, ba a girman cikinsa ba. Stephen Hawking na jami'ar Kambirij ya fara da musanta maganar. Amma a 1974 nasa lissafin ya nuna masa cewa baƙin rami yana da zafi, yana ma fitar da wani ɗan tururi yana ramewa a hankali, kuma ya tabbatar da awon Bekenstein har ya cika masa lambar da ta rage. Watau ga rumbun da in ka ninka shi, abin da zai ci sau 4 zai ninka, ba sau 8 ba. Yaɓen bango shi ne awon.

Wani zai ce to wannan ai halin baƙin rami ne, ina ruwan sauran duniya? Ga inda ruwanta yake. Ɗauki ɗakin nan da muke ciki, ka yi ta cusa masa kaya, littattafai da kwamfutoci da duk abin da ke ɗauke da bayani. In ka ci gaba da cusawa ba iyaka, wata rana nauyin zai yi yawa har ɗakin ya rufta ya zama baƙin rami. Tun da entirofi ba ya raguwa, ashe bayanin da ke ɗakin kafin ya rufta bai fi na ramin ba. Ke nan iyakar abin da kowane wuri zai iya ɗauka, bangonsa ne ke yanke shi. Gerard 't Hooft na ƙasar Holan ya faɗi haka a 1993, Leonard Susskind na jami'ar Stanford ya faɗaɗa maganar jim kaɗan bayansa. Suka ce ga alama duk abin da ke faruwa a cikin wuri ana iya rubuta shi cif-cif a jikin iyakarsa. Sunan da aka ba wannan ra'ayi an aro shi ne daga hologiram, irin ɗan tambarin nan mai walƙiya da ke jikin wasu katunan banki, wanda yake shimfiɗe amma in ka karkata shi sai ka ga hoto mai tudu da zurfi. Dennis Gabor ne ya ƙago dabarar a Ingila a 1947.

Har zuwa nan magana ce ta hasashe. Wanda ya kawo misali na zahiri, da lissafinsa a ƙasa, shi ne Juan Maldacena, mutumin Ajantina, a watan Nuwamba na 1997, yana jami'ar Harvard. An haife shi a 1968. 'Yan ajinmu, ku yi lissafi da kanku, sa'anmu ne. Lokacin da muke fafutukar neman kuɗin aure da ƙarin girma zuwa mataki na tara, shi yana da shekara 29 ya rubuta takardar da kafin 2015 wasu masana suka ambace ta a nasu rubuce-rubucen fiye da sau 10,000. Ban faɗi haka don in sa mu baƙin ciki ba. Kowa da rabonsa, kuma shi bai taɓa koyar da yara 90 a aji ɗaya ba.

Abin da ya gano shi ne wasu nazariyoyi biyu, waɗanda ko kama ba su yi ba, ashe tagwaye ne. Ta farko tana bayanin wata duniya mai ƙarfin jan nauyi, wadda ke da awo biyar, watau tsawo da faɗi da tsayi da lokaci da kuma wani awo ɗaya na ƙari, ban da wasu biyar da ke naɗe. An gina ta a kan nazariyar tsirkiya, wadda ke cewa ƙananan ƙwayoyin halitta wasu 'yan zarurruka ne masu karkarwa, kamar yadda tsirkiyar garaya guda ke ba da sauti iri-iri. Ta biyu kuwa tana bayanin ƙwayoyi ne kawai a awo huɗu irin namu, babu jan nauyi a cikinta ko kaɗan, kuma tana zaune a kan iyakar duniyar farko. Maldacena ya ce waɗannan biyun abu guda ne: duk tambayar da za ka yi a ɗaya, tana da takwararta a ɗayar, kuma amsarsu ɗaya. Masana na taƙaita sunan da haruffan AdS/CFT. Ni dai ina kiransa tagwaitakar hologiram. A 1998 Edward Witten, da kuma wasu uku, Gubser da Klebanov da Polyakov, suka tsara ƙa'idar yadda ake juya magana daga wannan gefe zuwa wancan, har masanan fannin da kansu ƙamus suke kiran abin.

Ina wancan awo na ƙari ya shiga, tun da a bango babu shi? Tun da a Rijiyar Zaki muke, bari in yi kwatance da rijiya. A ce kana tsaye a baki, ba ka ganin ciki, sai dai inuwar abin da ke ciki tana bayyana a kan marfi. Abin da ke kusa da baki inuwarsa ƙarama ce, tsaf-tsaf. Abin da ya yi zurfi inuwarsa babba ce, a baje. Ka ga ke nan zurfi bai ɓace ba, ya koma girma da ƙanƙanta. Kwatance ne kawai, kada a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, amma ni da shi na fara ganin haske.

To mene ne amfanin faɗar abu guda sau biyu? A nan zan tuna muku da wani tsohon abokinmu, ɗan littafin nan na logaridim da muke kira fo-figa, wanda yaran yanzu ba su san shi ba sam. In an ba mu manyan lambobi biyu mu ninka, sai mu buɗe littafin mu mai da su logaridim, mu tara su kawai, sa'an nan mu koma mu juyo da amsa. Aiki mai wuya a can ya zama mai sauƙi a nan. Haka wannan tagwaitaka take. Daidai inda ƙwayoyin gefen bango suka riƙe juna da ƙarfi har lissafinsu ya gagara, nan ne lissafin gefen ciki yake yin laushi, ya koma irin wanda Einstein ya bari tun 1915.

Ga misalin da ya fi burge ni. A ɗakin bincike na Brookhaven kusa da birnin New York, an riƙa gwara ƙwayoyin zinariya da juna da gudu kusan na haske. Sai su narke na ɗan ƙiftawar ido su zama wani irin kunu mai zafin da ya kai wajen digiri tiriliyan 4. Da yawa sun zaci abin zai kasance kamar iska, amma a 2005 aka ba da sanarwar cewa kamar ruwa yake gudana, ruwan ma mai tsananin rashin kauri. Lissafin kaurin irin wannan kunu kai tsaye yana da matuƙar wuya. Amma a ƙamus ɗin can, kunu mai zafi a bango takwaransa a ciki shi ne baƙin rami. Tun a 2001 wasu masana uku, Policastro da Son da Starinets, suka bi ta wannan hanya, suka yi lissafin a kan baƙin rami, suka juyo da amsa. Lambar da hanyar ta bayar, in an auna kauri da entirofi, wajen 0.08 ce, kuma abin da aka auna a ɗakin bincike bai yi nisa da ita ba. Ku dubi wannan al'amari: a tambayi rami a wata duniya ta takarda, ya ba da labarin kunun da aka dama a New York.

Amma kada in sayar muku da doki ban nuna muku ƙafarsa mai ciwo ba. Har yau ba a tabbatar da wannan tagwaitaka da cikakkiyar hujja irin ta lissafi ba. An dai gwada ta ta hanyoyi masu yawan gaske, ba ta faɗi ba. Ƙwayoyin da ke cikin misalin Maldacena kuma ba su ne ainihin na duniyarmu ba, 'yan'uwansu ne na nesa, shi ya sa na ce lambar ta yi kusa, ban ce ta yi daidai ba. Babbar matsalar ita ce siffar duniyar. Tasa tana da bango, kamar cikin ƙwarya, har haske na iya zuwa iyaka ya komo. Tamu kuwa faɗaɗa take yi, kuma a 1998 masu nazarin taurari suka gano saurin faɗaɗar ma ƙaruwa yake. Saboda haka duk wanda ya ce muku kimiyya ta tabbatar cewa mu hoto ne a jikin bango, ya wuce gona da iri. A ganina masu faɗar haka a intanet sun fi yi wa fannin ɓarna a kan masu musunsa.

Yanzu bari in gaya muku yadda koyon ya kasance, don a nan ne na sha wuya. Kuskurena na farko girman kai ne. Na ce ai ni malamin Fiziks ne, na sauko da takardar Maldacena daga rumbun nan na intanet mai suna arXiv, inda masana ke ajiye rubutunsu kyauta tun 1991. Na biya aka buga mini ita. Na zauna bayan sallar isha'i da jan biro. Jama'a, abin da na gane a cikinta shi ne sunan marubucin da godiyar da ya yi a ƙarshe.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari. Na koma ga littattafai da bidiyoyin da aka yi don gama-garin mutane. Suna da daɗi ƙwarai, cikin wata biyu na iya zuba a majalisa, ina ambatar Hawking kamar tare muka yi makaranta. Sai wata rana na ce bari in rubuta abin da na sani a takarda, in fitar da lamba guda ɗaya da kaina. Ko layi ɗaya ban iya ba. Ashe sunaye na haddace, kamar yadda nake sa ɗalibaina su yi.

Sa'an nan na haƙura na koma tushe. Na kakkaɓe tsohon Nelkon ɗina da littafin su Farfesa Okeke, na sake bin kalkulus daga farko, ina yin kowane aiki na ƙarshen babi, abin da ban yi ba ko lokacin da muke jami'a. Daga nan na bi laccocin da Susskind ya yi wa manya 'yan koyo a Stanford, waɗanda ke YouTube kyauta. Mutumin nan gyaran famfo ya fara yi yana saurayi, sana'ar mahaifinsa, wataƙila shi ya sa ba ya raina mai tambaya. Ina sauko da lacca da tsakar dare lokacin da data ta fi araha, in kalla washegari in akwai caji. Matakan a jere suke, ba a tsallake ko ɗaya: ilmin motsi, sai nazariyar Einstein ta 1905 da ta 1915, sai kwantum, sai nazariyar filayen kwantum, wadda a cikinta nake dambe yanzu shekara ta biyu ke nan. Abin da na fi rasawa shi ne abokin karatu. Ga sabon mazaunin Jami'ar Bayero nan kusa da mu, amma na daɗe ina jin kunyar in je da furfurata in ce wa ɗan cikina ya duba mini aiki. Da na cije na je, minti goma wani matashin malami ya ɗauka ya warware mini abin da ya hana ni barci mako uku. Na tuna cewa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741, can ya bi ilmi. Ni kuwa kuɗin adaidaita kawai abin ya ci mini.

Ranar da na fi jin daɗi ita ce ranar da na fitar da lambata ta farko, kuma duk ɗan aji shida da ke da kalkuleta zai iya. In aka matse rana ta zama baƙin rami, daga tsakiyarta zuwa baki wajen kilomita 3 ne kacal. Duniyarmu kuwa da za a matse ta haka, da ba za ta fi ɗan magarya ba. Faɗin bakin ramin ranar ya kama wajen murabba'in kilomita 109. Sai ka raba wannan da wani ƙanƙanin fili da ake kira filin Planck, ka sake rabawa da 4. Amsar da ta fito mini ita ce 1 da sifiri 77 a bayansa, daidai da abin da ke cikin littafi. Ƙarfe ɗayan dare ne, na tashi uwargida don in nuna mata. Ba zan maimaita muku abin da ta ce ba.

Saura tambayar ɗalibata. Hawking ya daɗe yana cewa rubutun littafin ya ɓace har abada, don in ramin ya gama ramewa ya ƙare, tururin da ya bari ba ya ɗauke da labarin komai. Su Susskind da 't Hooft suka ce ba zai yiwu ba, dokokin kwantum ba su yarda bayani ya ɓace ba. Tagwaitakar Maldacena ta ƙarfafa gefensu, domin a nazariyar bango babu ta inda bayani zai zurare, kuma in gefen biyu abu guda ne, to a ciki ma bai ɓace ba. A 2004, a wani taro a birnin Dublin, Hawking ya fito fili ya ce ya janye, har ya biya John Preskill bashin musun da suka ƙulla a 1997, ya ba shi kundin bayanan wasan ƙwallon sanda na Amurkawa. Rubutun yana nan ke nan, amma a tarwatse, kamar littafin da aka ƙona: yana cikin toka da hayaƙi, sai dai ba mai iya karantawa. Ainihin yadda yake fitowa kuwa, masana na kan aikinsa.

Bara na rubuta wannan bayani a shafi huɗu, da hannuna, na haɗa da ban haƙuri, na ba yayanta ya kai mata, don ta yi aure tana wani gari. Bayan mako biyu ya dawo mini da takardar. A ƙasan shafin ƙarshe ta rubuta godiya, ta ce ta yafe, sa'an nan ta ƙara layi ɗaya: "Malam, ka ce tamu duniyar ba ta da bango. To namu rubutun a jikin me yake?" Na aika mata cewa wannan tambaya Maldacena da kansa yana cikin masu nemanta, in kuma na gama babin da nake kai zan rubuto mata iyakar inda aka tsaya.

Shugaba, na ga sakatare yana ta nuna mini agogo. Wanda ke son ya gwada lissafin nan na rana, na zo da kwafi ashirin, suna wurin mai ɗaukar suna a bakin ƙofa.